In Cikin Yaro Ya Ɗaure, a Fara Duba Tukunya

 A wannan fitowa ta jaridarmu ina so mu tattauna a kan wata matsala wadda kusan kowane gida ya san ta, amma kunya ta hana a faɗe ta a bainar jama'a. Matsalar ita ce ɗaurewar cikin yara ƙanana, wato yaro ya yi kwana da kwanaki bai yi bayan gida ba, ko kuwa ya yi shi da tauri, da yunƙuri, da kuka. Yaran da abin ya fi kamawa su ne masu zaɓen abinci, waɗanda in an ajiye musu tuwo sai su ture miya, in an ba su wake sai su kau da kai.

Ra'ayina a kan wannan magana shi ne: mun saba neman maganin ɗaurewar ciki a wurin da ba ya nan. Muna nemansa a tiren mai tallar ƙwayoyi da ƙullin kanwa, alhali mafi yawansa yana cikin gonarmu, da garkarmu, da tukunyarmu, da randar ruwanmu. Ragowarsa kuma yana gidan likita. Ga dalilaina.

Abin da na gani da idona

A bazarar bara ina zagayen makarantun yaƙi da jahilci a ƙauyukan gundumar Tama, na isa wata makarantar mata. Malamar ta shaida mini cewa ɗaya daga cikin ɗalibanta masu ƙwazo ta yi mako guda ba ta zo ba. Muna cikin magana sai ga ta, goye da yaro ɗan shekara uku wanda ya isa tafiya da ƙafarsa. Da ta sauke shi sai ya kama zana, ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ya matse cinyoyi, fuskarsa ta yi jawur. Na tambaye ta abin da ke damunsa. Ta ce: "Malam, yau kwana biyar ke nan bai yi ba. Na jiƙa masa kanwa, kakarsa ta dafa filasko, ubansa ya sayo ƙwayoyi kala uku ran kasuwa. Wancan makon ya kwana yana zawo har ya langaɓe, da ya tsaya sai cikin ya sake ɗaurewa."

Na ce mata: "To, me yake ci?" Ta ƙirga mini da yatsu: fura tatacciya, farar shinkafa da mai, garin rogo da sukari, sai biskit. Miya kuwa ko taɓa ta ba ya yi. Uban yaron yana da garkar albasa, kuma ya sami wake mai yawa da kaka, amma ya kai shi kasuwa duka, bai rage ko tiya ɗaya ba.

Na shawarce ta ta kai shi gidan likita a ranar. Ma'aikacin lafiya ya duba shi, ya rubuta masa magani mai tausasa bayan gida, ya kuma yi mata bayani a kan abinci da ruwa. Da na koma bayan wata biyu na tarar da yaron yana guje-guje da sa'o'insa, uwar kuma ta koma kan allonta. Ciwon da ya hana mace karatu mako guda, ya cinye kuɗin maigida, ya kusa kai yaro ga halaka ta hanyar zawo, bai kamata a raina shi ba.

Yadda ciki yake ɗaurewa

Abincin da muka ci yana sauka cikin tumbi, ya wuce ƙaramin hanji inda jiki yake tsotse amfaninsa. Abin da ya rage sai ya shiga babban hanji, wanda aikinsa shi ne shanye ruwa. In saura ya wuce da wuri, yana fita da laushi. In ya daɗe a ciki, hanji yana ci gaba da shanye ruwansa har ya bushe. Duk wanda ya taɓa buga tubali ya san wannan: laka tana da laushi da safe, amma in ta wuni a rana sai ta zama dutse.

Abin da ke riƙe ruwa a cikin bayan gida, ya ba shi kauri da laushi, shi ne ɓangaren abinci wanda ba ya narkewa: dusar hatsi, da ɓawon wake, da zaren ganye, da naman ƴaƴan itace. A cikin wannan rubutu zan kira su duka da sunan dusa. Makiyayi ya san cewa tunkiyar da aka ɗora wa tsabar hatsi zalla, ba ciyawa ba harawa, cikinta lalacewa yake yi. Haka ɗan Adam yake.

Akwai kuma abin da uwaye da yawa ba su lura da shi ba. Ranar da yaro ya yi bayan gida mai tauri, yakan ji zafi, wani lokaci har dubura ta ɗan tsage, a ga ɗigon jini. Daga nan sai tsoro ya kama shi. In ya ji bayan gida ya zo sai ya matse, ya ƙi tsugunawa. Miƙewar nan a kan yatsun ƙafa da na gani ba yunƙurin fitarwa ba ne, ƙoƙarin riƙewa ne. Yana riƙewa, abin yana ƙara bushewa. Yana bushewa, zafin yana ƙaruwa. In aka ɗauki watanni a haka, ƙarshen hanji yakan buɗe kamar tsohuwar jaka, har yaro ya daina jin alamar zuwan bayan gida. Sannan sai ruwa-ruwa ya riƙa zurarowa ta gefen taurin, yana ɓata wando. Uwa ta ɗauka zawo ne ta nemi maganin tsai da shi, uba ya ɗauka iskanci ne ya ɗauki tsumagiya. Dukansu sun yi kuskure, kuma sun ƙara wa yaron wahala.

Likitoci sun tabbatar cewa a cikin yara goma masu ɗaurewar ciki, fiye da tara ba su da wata cuta ɓoyayya a hanjinsu. Abinci ne, da ƙarancin ruwa, da tsoron tsuguno. Ana cewa ciki ya ɗaure in yaro yana yin bayan gida ƙasa da sau uku a mako, ko yana yinsa guntu-guntu kamar kashin awaki, ko da zafi. Amma a yi hattara da jinjiri mai shan nonon uwa zalla. Bayan ya wuce kwana arba'in yana iya yin kwanaki bai yi ba, kuma in ya yi da laushi, yana shan nono sosai, cikinsa bai kumbura ba, to lafiyarsa lau. Kada a ba shi ruwa, ko dauri, ko jiƙo. Nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata shida.

Me ya sa yaro yake zaɓen abinci?

A shekararsa ta farko jinjiri yakan ninka nauyin haihuwarsa sau uku. Daga shekara biyu zuwa biyar kuwa, kimanin kilo biyu kawai yake ƙarawa a shekara. Tun da girman ya rage sauri, ci ma dole ya ragu. A wannan lokaci ne kuma yaro yake fara nuna ra'ayinsa, yana ƙyamar abin da bai saba da shi ba. Wannan ɗabi'a ce ta yara a ko'ina cikin duniya, kuma tana wucewa in an bi ta da haƙuri. Ban da haka, cikin da ya ɗaure ba ya marmarin abinci. Saboda haka abu biyun suna ciyar da juna: ƙin ci yana ɗaure ciki, ɗaurewar ciki tana hana ci.

Amma mu manya muna da namu laifi. Na farko, muna cika wa yaro ciki da kayan tebur. In an ba shi dala biyar ko goma ya sayi biskit da alawa da hantsi, yaya za a yi ya ci dambu da azahar? Na biyu, mun mai da ganye abin kunya. Kakanninmu a Adar sun rayu da tafasa, da yaɗiya, da gasaya, da lalo, da yakuwa. Mu kuwa, da yake mun tuna da yunwar 1984 da ta 2005, lokacin da mutane suka koma ga anza da jiga, sai muka ɗauki duk wani ganye abincin shekarar wahala. Farar shinkafa da taliya suka zama alamar samu. Ban ce a daina cin shinkafa ba. Amma ga lissafi: a cikin giram 100 na busasshen wake akwai kimanin giram 10 na dusa, a cikin giram 100 na farar shinkafa kuwa kimanin giram 1 ne. Garin rogo da sukari ma ba su da abin kirki da za su ba jikin yaro ban da cika ciki.

Abin da ke gonarmu

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya sami aƙalla giram 250 na ganye da kayan lambu da ƴaƴan itace a kowace rana, tare da giram 15 na dusa. Ɗan shekara 6 zuwa 9 kuwa, giram 350 da giram 21. Kada adadin ya ba mu tsoro. Mangwaro ɗaya matsakaici, da tumatir ɗaya, da ludayin dafaffen ganye, sun kusa cika giram 250.

Wani zai ce: "Malam, wannan maganar masu kuɗi ce. Ina talaka ya ga ƴaƴan itace kullum?" Amsata ita ce mu duba shekara daga farko zuwa ƙarshe. Da damina akwai tafasa, da lalo, da gasaya, da rama, da yakuwa, da ɗanyen kuɓewa, wasu ma a bakin gona suke fitowa ba wanda ya shuka su. Da kaka akwai wake, da kabewa, da kankana, da gyaɗa. Da ɗari garake suna cika da kabeji, da tumatir, da karas, da dankali, da salati, a kwarin Magiya da fadamun Tarka da Keita. Ga magarya da aduwa a daji. Da bazara mangwaro yana shigowa kasuwa, ga tsamiya, ga goriba, ga kuka da busasshen kuɓewa waɗanda mace mai tanadi ta shanya tun da kaka. Babu watan da ƙasarmu ta bar mu hannu wofi. Abin da ya rage shi ne mu tara, mu shanya a inuwa don kada rana ta ƙone amfanin ganyen, mu adana.

Game da hatsi, ina da gargaɗi ta fuska biyu. Surfe mai tsanani da tacewa sau biyu suna raba hatsi da dusarsa duka, mu zuba wa awaki, mu ba yaro farin gari. Wannan asara ce. Amma kuma kada wani ya ji maganata ya ɗebo dusa ya dama wa yaro. Cikin yaro ƙarami ne. Dusa mai yawa tana cika shi kafin ya sami abin gina jiki, tana kuma hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Matsakaici shi ne daidai: a sassauta surfe, a rage tacewa, a jiƙa hatsi ya kwana kamar yadda ake yi wa koko. Yaro siriri kuma a ƙara masa cokalin mai ko tunkuzar gyaɗa a cikin kununsa.

Dabarun ciyar da mai zaɓen abinci

Da fari, a shigar da sabon abu cikin abin da ya saba. A dafa kabewa ko dankali a murje cikin kunu. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin zogale a cikin kokonsa. In shinkafa yake so, a dafa ta da wake, a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa. Ɗanwake, da dambun zogale, da kunun tsamiya, duka abincinmu ne na gado, kuma suna sassauta ciki. Canjin ya zama sannu a hankali, domin wake mai yawa a rana ɗaya yana kumbura ciki.

Na biyu, a ba yaro tasa ƙwarya. In yana ci cikin akushi ɗaya da yayyensa, uwa ba za ta san ko loma nawa ya samu ba. Amma ya zauna tare da su, domin yaro da ido yake koyon ci. In ya ga ubansa yana lasar miyar kuka, gobe shi ma zai tsoma yatsa.

Na uku, kada a gaji da miƙawa. Masu bincike sun gano cewa sau da yawa sai an gabatar wa yaro da sabon abinci sau goma, har sha biyar, kafin ya karɓa. Ƙin yau ba ƙin har abada ba ne. A ajiye masa ɗan kaɗan, in ya ƙi a ɗauke ba faɗa, bayan kwana biyu a sake. Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu, a daina ɗure. Toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu yana iya tura kunun cikin huhu, ya jawo ciwon haƙarƙari ko shaƙewa. Ban da wannan, yaron da aka yi wa ɗure yakan ƙi jinin abinci gaba ɗaya. Haka kuma a cire ƙwallon magarya da na aduwa da na dabino kafin a ba ƙaramin yaro, gyaɗa kuma a daka ta, don kada ta sarƙe shi.

Na biyar, ruwa. Dusa ba ta aiki sai da ruwa. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 yana bukatar shan kimanin lita ɗaya a rana, fiye da haka da bazara, lokacin da zafi yake haura awo 40, ko in yana zazzaɓi. Yaro mai wasa ba ya tuna ƙishirwa. A ware masa moɗarsa mai tsabta, a riƙa miƙa masa bayan kowane ci. Nono abinci ne mai kyau, amma in ya wuce rabin lita a rana yakan toshe wa yaro marmarin sauran abinci. Shayi kuwa ba na yara ba ne, yana hana jini ƙaruwa.

Na shida, lokacin tsuguno. Hanji yakan motsa bayan an ci abinci. Saboda haka bayan kalacin safe da bayan tuwon dare a tsugunar da yaro kamar minti biyar, ba tsawa, ba gaggawa. In ya yi a yaba masa, in bai yi ba a ƙyale shi. Tsugunonmu na gargajiya ya fi zaman kujera sauƙaƙa fita. Ramin salanga kuwa yana ba ƙananan yara tsoro. A ba su fo, a zubar a salanga, a wanke hannu da sabulu. Ga ƴan lakwal, uwayen ɗalibai su kula a ce makaranta tana da salanga mai tsabta, domin yara da yawa, musamman mata, suna wuni suna riƙewa.

Maganar ƙarin sinadarai da magunguna

Yanzu mutane sun ƙwallafa rai a kan abin da suke kira bitamin. Ya kamata mu rarrabe. Akwai abin da ma'aikatan lafiya suke bayarwa: ɗigon bitamin A kowane wata shida ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5, da maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya. Waɗannan a karɓe su duk lokacin da aka zo da su. Akwai maganin ƙarin jini, wanda yake mai da bayan gida baƙi, kuma yakan taurara shi ga wasu yara. In haka ta faru kada a daina ba da shi. A ƙara ruwa da ganye, a shaida wa wanda ya rubuta shi. Akwai kuma biskit ɗin tamowa. Shi magani ne na yaron da aka auna aka ga ya rame, ana ba shi tare da ruwan sha mai yawa, ba a raba shi da sauran yara, ba a kai shi kasuwa. Duk waɗannan suna da amfani, amma babu ɗaya daga cikinsu da aka yi don kwance ciki.

Sai kuma kwalaben sa cin abinci da masu talla suke yawo da su cikin rana. Wasu suna sa yaro barci da kasala. Wasu suna kumbura fuska da jiki, a ɗauka ƙiba ce, alhali suna raunana garkuwar jiki. Ba a san ranar da aka yi su ba, ba a san ranar lalacewarsu ba, mai sayarwa kuma sau da yawa bai iya karanta abin da ke jikin kwalin ba. A manyan kantunan magani na birni ana sayar da garin dusa na gwangwani da ƙwayoyin gyaran hanji masu tsada. Binciken likitoci bai nuna sun fi abinci mai kyau amfani ga ɗaurewar cikin yara ba. Kuɗinsu ya fi kyau a sayi wake da mangwaro.

Maganin gargajiya fa? Ban raina sanin tsofaffinmu ba. Tsamiya da aduwa suna sassauta ciki, haka yake. Ko likitoci suna da maganin da ake samu daga dangin filasko, amma su da awo suke ba da shi, gwargwadon nauyin yaro. Tafasasshen filasko na gida ba wanda ya san ƙarfinsa. Yana murɗa ciki, ya jawo zawon da ke ƙarar da ruwan jiki, kuma zawo yana cikin manyan masu kashe yaranmu. Jiƙon kanwa mai yawa gishiri ne mai nauyi ga ƙodar yaro. Cusa sabulu a dubura yana ƙona fatar ciki, ɗura ruwan sassaƙe ko barkono ta baya kuma yana iya huda hanji. Zuma ma kada a ba jinjirin da bai cika shekara ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jiki.

Zan faɗi gaskiya ko da ta rage wa taken rubutuna ƙarfi: in ɗaurewar ta yi makonni, har yaro ya shiga tsoron tsuguno, abinci kaɗai ba kasafai yake kwance ta ba. A nan dole a haɗa da maganin likita. Akwai irin su laktuloz da makrogol, waɗanda aikinsu shi ne jawo ruwa cikin bayan gida ya yi laushi. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi awo. Wani yaro sai ya sha wata biyu ko fiye, har hanjin ya koma daidai, tsoron ya gushe. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa ranar da aka ga sauƙi. Magani yana buɗe hanya, abinci da ruwa su ne ke hana ta sake toshewa.

Alamun da ba a jira da su

A garzaya gidan likita ba tare da ɓata lokaci ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Jinjiri sabon haihuwa ya kwana biyu bai yi kashinsa na fari ba.
2. Yaro yana amai, musamman kore, ko cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga.
3. Jini mai yawa, ko jini gauraye da bayan gida.
4. Zazzaɓi tare da ciwon ciki mai tsanani.
5. Dubura ta fito waje.
6. Ƙafafu sun yi rauni, ko fitsari ya canza.
7. Yaro yana cin ƙasa, tafin hannunsa ya yi fari. Wannan alamar ƙarancin jini ce, ƙasar kuma tana toshe hanji.
8. Jinjiri ɗan ƙasa da wata shida yana yin bayan gida mai tauri.
9. Yaro yana ramewa, ko an yi mako biyu ana gyaran abinci ba sauƙi.

A kan rama akwai ƙarin bayani. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yaro yana iya rage bayan gida don ba abin da ya shiga cikin. Wannan yunwa ce, kuma ba shi maganin zawo zalunci ne. Mata da yawa sun koyi auna damtsen yaro da ɗan madaurin nan mai launi uku. Ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, ja yana nufin ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa mai tsanani. Rawaya, tamowa ta fara. Kore, sama da santimita 12 da rabi. Ja ko rawaya, sai likita. A tuna kuma cewa a shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yanke hukuncin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na hukuma. Tsoron kuɗi kada ya hana a je a tambaya.

Kira ga magidanta

Ƴan'uwana maza, in cikin yaro ya ɗaure mukan ce sakacin uwa ne. Amma mace ba ta dafa abin da ba a ba ta ba. Mabuɗin rumbu a hannunmu yake. Mu yi lissafi irin wanda muke koyo a makaranta. In yaro zai ci giram 30 na wake a rana, wato cikin tafin hannu ɗaya, a shekara ya ci kusan kilo 11. In tiya tana ɗaukar kilo biyu da rabi, tiya biyar ta ishe shi shekara har da saura. Wane manomi ne zai ce tiya biyar ta fi ƙarfinsa? Muna sayar da wake da arha da kaka, mu sayi ƙwayoyi da tsada da bazara. Wannan ba ciniki ba ne.

Albasarmu ta Galmi da ta Tarka ta kai Abijan da Akara, kuma muna alfahari da ita. Amma garkar da ke ciyar da biranen wasu ƙasashe bai kamata ta kasa ciyar da ɗiyan mai ita ba. Kowane mai garka ya ware fangali biyu ko uku na gida: karas, da tumatir, da alayyafo. A bakin rijiya ya dasa zogale, wanda cikin ƴan watanni ake fara tsinkar ganyensa, da gwanda in akwai ruwa. Mutanen wannan yanki ba baƙin dashe ba ne. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro masu kare iska a kwarin Magiya, a ƙasar Buza. Daga 1984 aikin raya karkara na Keita ya farfaɗo da fako da duwatsu, aka dasa miliyoyin itatuwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a kansu. Hannun da ya yi wannan ba zai gaza dasa zogale biyar a bayan ɗaki ba. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, su ma suna iya sayen wake da busasshen ganye da kaka, su ajiye wa ɗiyansu.

Daga ƙarshe, ina roƙon malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu, a yi muhawara a kansa. Uwar da ɗanta ke fama da wannan matsala ta ware shafi ɗaya a littafinta. Ta rubuta ranakun mako, ta ja layi a ranar da ya yi bayan gida, ta rubuta mai tauri ne ko mai laushi, da abin da ya ci. In ta je gidan likita ta nuna takardar. Ta haka ma'aikacin lafiya zai gane ciwon da sauri, ita kuma za ta ga amfanin karatunta a jikin ɗanta.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.

Daga mai duba makarantun yaƙi da jahilci, Tama